Filin Iyaye da Malamai: Kafin A Damƙa Yaro Ga Mai Gyaran Hali

A wannan mako filin namu zai duba wata sana'a ce wadda ba ta daɗe da shigowa ƙasar nan ba. Ta riga ta sami gindin zama a Ikko da Abuja, inda aka buɗe cibiyoyi masu yin ta, ana kuma tallan kwasa-kwasanta ta wayar hannu. Kowa kuwa ya san abin da ya sauka a Abuja ba ya jimawa bai biyo hanyar Jos ya iso Bauchi ba. Sana'ar ita ce ta nazarin halin ɗan Adam da gyara shi bisa ƙa'idar ilmi, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da haruffa uku, watau ABA. Mu a nan za mu riƙa ce mata ilmin gyaran hali, mai yin ta kuma mu ce masa malamin gyaran hali.

Ga abin da ya sa maganar ta shafe mu. A unguwannin garin nan, daga Wunti zuwa Yelwa, daga Jahun zuwa Fadaman Mada, da wuya a rasa gidan da ke da yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara magana ba, ko wanda ke buga kansa da bango, ko mai cizon hannunsa har jini ya fito, ko mai kurma ihu in an canja masa wurin kwana. Waɗansu daga cikin irin waɗannan yara suna da larurar da likitoci ke kira otizim, wadda gidajen rediyonmu suka saba kira galahanga. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ya nuna yaro 1 cikin kowane 100 yana da ita. Waɗansu kuma jinkirin fahimta ne, waɗansu kurumta ce da ba a gano ba. Iyayensu sun sha wuya. An yi hayaƙi, an yi jiƙe-jiƙe, an gwada tsumagiya, an kulle ƙofa. To, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Duk wanda ya zo wa irin waɗannan iyaye da allon talla da manyan kalmomin Turanci, za su miƙa masa ɗa, su miƙa masa dukiya.

Babban abin tsoro kuwa shi ne, yaron da ake kai wa malamin gyaran hali sau da yawa ba ya iya komowa gida ya faɗi abin da aka yi masa. Saboda haka wajibi ne iyaye su san aikin da idonsu, su iya bambanta gwani da mai kwaikwayon gwani. Abu biyu ake dubawa: gwaninta da riƙon amana.

ASALIN WANNAN ILMI

Tushen ilmin yana komawa ne ga wani shehun malami na Jami'ar Harvard ta Amurka, B. F. Skinner, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1990. A 1938 ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da ɓeraye, inda ya nuna cewa hali yana bin abin da ya biyo bayansa ne. Idan rai ya yi wani abu ya sami biyan bukata, zai sake. Idan ya yi ta yi bai sami komai ba, sannu a hankali zai bari. Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, Bahaushe ya daɗe da cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Gaskiya ne. Abin da Skinner da almajiransa suka ƙara shi ne ƙidaya da gwaji, watau kada a ce abu ya yi amfani sai an auna an gani.

A 1959 waɗansu masana biyu, Teodoro Ayllon da Jack Michael, suka ba da labarin aikin da aka yi a wani asibitin masu taɓin hankali a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada. Ba magani aka ƙara wa marasa lafiya ba, ma'aikatan jinya aka koya wa canja yadda suke mai da martani. Akwai wata mata da ta addabi ofishinsu da shiga da fita, kullum suna kamo hannunta suna rarrashinta su fitar da ita. Da suka daina kula ta a kan wannan shigar, sai zirga-zirgar ta ragu ƙwarai. Ashe rarrashin ne take zuwa nema.

A 1968 aka kafa mujalla ta musamman domin wannan ilmi a Jami'ar Kansas, kuma a fitowarta ta farko malamai uku, Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley, suka shimfiɗa sharuɗɗa bakwai na aikin. Daga cikinsu akwai cewa halin da za a gyara ya zama mai muhimmanci ga rayuwar mai shi. A iya auna shi. A rubuta hanyar aikin dalla-dalla yadda wani zai karanta ya bi. Canjin da aka samu ya zama babba wanda ido ke gani. Kuma ya ɗore, ya bi mutum har gida da kasuwa. Waɗannan sharuɗɗa su ne ma'aunin da har yau ake auna mai wannan sana'a da su.

GWANINTA TA FARKO: IDO DA ALƘALAMI

Malami na ƙwarai ba ya fara aiki da gyara, da kallo yake farawa. Idan uba ya ce masa, "Malam, yaron nan taurin kai gare shi," zai tambaya, "Alhaji, mene ne yake yi wanda ido zai gani?" Domin taurin kai ba ya ƙirguwa, amma jefar da kwanon abinci yana ƙirguwa, haka ma buga goshi da ƙasa. Sai an kira hali da sunan da mutum biyu za su kalla su yarda cewa ga shi nan ya faru, sannan ake iya sanin ko yana raguwa.

Daga nan sai ya raba takarda gida uku. A gidan farko ya rubuta abin da ya faru kafin halin, a na biyu halin kansa, a na uku abin da mutanen wurin suka yi bayansa. Zai yi kwanaki yana wannan rubutu kafin ya taɓa komai, domin a san inda aka tashi. Uwar da ba ta rubutun boko ba a bar ta a baya ba: tana iya yi da ajami, ko ta riƙa jefa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da abin ya faru, da magariba a ƙirga. Alal misali, in a makon farko tsakuwa 20 ake samu a yini, bayan wata guda aka koma samun 6, to, ga shaida nan. In kuwa 20 ɗin nan tana nan, ko ta zama 25, hanyar ce ba ta yi ba, sai a canja ta. Malamin da aka yi wata uku ana biyansa bai taɓa nuna wa iyaye ƙidaya ba, sai dai "ana samun ci gaba," da baki yake aiki.

GWANINTA TA BIYU: NEMAN DALILI

Banza ba ta kai zomo kasuwa, haka nan yaro ba ya maimaita hali sai halin yana biya masa wata bukata. Masana sun tattara bukatun nan zuwa kashi huɗu: neman a kula shi, neman wani abu, kamar abinci ko abin wasa, gudun wani abu da ya yi masa nauyi, sai kuma daɗi ko sauƙin da jikinsa ke ji daga halin kansa, kamar mai girgiza jiki ko mai toshe kunne. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a birnin Baltimore suka gwada wannan a kan yara 9 masu ji wa kansu ciwo. Suka riƙa canja yanayin ɗakin da abin da ke biyo bayan halin, sai suka ga a cikin 6 daga yaran halin yana hawa ne a wani yanayi takamaimai. Watau ciwo iri ɗaya a ido, amma dalili daban-daban.

Mu ɗauki misali daga aji. Yaro ne duk lokacin da aka zo darasin lissafi sai ya kifar da benci, malami kuma ya kore shi waje. A ganin malami horo ya yi masa. A wurin yaro kuwa an ba shi abin da yake nema, ya tsira daga lissafi, gobe ma zai kifar. Ga kuma wani yaron da ke kifar da benci domin sai ya yi haka malami ke waiwayarsa. Shi tsawar da ake daka masa ita ce ladansa. Maganin na farko daban, na biyu daban. Wanda bai nemi dalili ba, yana iya shekara yana zuba wa wuta kananzir yana tsammanin ruwa ne.

Kafin duk wannan akwai tambayar lafiyar jiki. Yaron da ba ya magana, in haƙori ko kunne na yi masa ciwo, ko cikinsa ya ƙulle, da dukan kansa zai faɗa. Akwai kuma nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, sai dai a ga yaro ya yi tsit yana kallon wuri ɗaya. Malami mai hankali zai ce a fara kai yaro wurin likitan yara, a duba ji da gani, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi, kafin a ce hali ne.

GWANINTA TA UKU: KOYAR DA MADADI

Ba a raba yaro da hali a bar shi hannu banza. In ihu ne kaɗai harshen da yake da shi na cewa "ina jin ƙishirwa," aka hana shi ihu ba a ba shi wani harshe ba, an zalunce shi, kuma zai ƙirƙiro abin da ya fi ihu muni. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka nuna cewa idan aka koya wa yaro hanyar neman abin da yake so, munanan halayen da yake neman abin da su sukan ragu. Hanyar tana iya zama kalma ɗaya, ko alamar hannu, ko miƙa hoto. Sharaɗin shi ne sabuwar hanya ta fi tsohuwa sauƙi da saurin biya. In ya nuna hoton kofi, a ba shi ruwa nan take.

A nan akwai gargaɗin da gwani ke yi wa iyaye tun da wuri. Idan aka daina biya wa tsohon hali bukata, yakan ƙaru kafin ya ragu. Yaron da ya saba birgima a Kasuwar Wunti a saya masa alewa, ranar da aka ƙi saya birgimar za ta fi ta kullum. In uwa ta daure har sau huɗu, a na biyar kunyar idon mutane ta sa ta saya, to, ta koya masa cewa naci yana biya. Amma fa wannan dauriya ba ta shafi halin da zai jawo rauni ba. Yaron da ke buga kai da kankare kare shi ake yi tukuna.

GWANINTA TA HUƊU: GUTSUTTSURA AIKI DA BA DA LADA

Malamanmu na allo ba su fara wa yaro da farfaru sai ya san babbaƙu. Haka malamin gyaran hali ke ɗaukar aikin da muke gani ɗaya ne ya raba shi gaɓa-gaɓa. Wanke hannu kafin cin abinci, alal misali, gaɓa shida ne: ɗauko buta, jiƙa hannu, shafa sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa, mai da buta wurinta. Sau da yawa akan taimaki yaro a biyar na farko a bar masa ta ƙarshe, domin ya ɗanɗani daɗin kammalawa, sannan a riƙa ja da baya. Da fari a kama hannunsa, daga baya a taɓa gwiwar hannu kawai, sannan a nuna da yatsa, har a daina. Janye taimako shi ne rabin gwanintar, domin taimakon da ba a janye ba ya zama sanda ga mai ƙafa.

Lada kuwa ba abin da babba ke ganin lada ba ne, abin da ya sa halin ya ƙaru ne. Wani yaro ƙuli-ƙuli, wani dabino, wani a ɗaga shi sama, wani wasa da ruwa. A ba da shi nan take bayan abin kirki, a haɗa da yabo, sannan a riƙa tsawaita tsakani har yabon da daɗin iyawa su wadatar. Masu cewa wannan cin hanci ne su lura da bambanci: alewar da aka miƙa wa yaro yana tsakiyar birgima domin ya yi shiru ita ce hanci, kuma birgimar take ciyarwa. Wadda aka ba shi bayan ya nema da ladabi, hakkin aikinsa ce.

GWANINTA TA BIYAR: KAI AIKI GIDA

Yaro yana awa ɗaya ko biyu tare da malami, sauran yinin yana hannun mutanen gida. Gidajenmu kuwa ba na mutum uku ba ne. Akwai kaka mai cewa a ƙyale mata miji, akwai abokiyar zaman uwa, akwai yayye da 'yan aike. In uwa ta hana, kaka ta bayar, aikin ya rushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka gwani yakan zauna da mutanen gida ya koya musu, cikin harshen da suke ji, Hausa ce ko Fulatanci ko Jaranci. Hotunan da zai yi aiki da su su zama na tuwo da koko da buta da tabarma, abubuwan da yaro ke gani kullum, ba na abincin wata ƙasa ba.

AMANAR DA KE WUYANSA

A Amurka an kafa hukumar ba da takardar shaida ga masu wannan aiki a 1998, ana kiranta BACB. Kundin ladubbanta da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu: amfanar da mutane, mu'amala da su cikin tausayi da mutuntawa, gaskiya da riƙon amana, da tabbatar da cewa mutum ya iya abin da yake yi. Babu ɗaya a ciki da ya saɓa wa abin da addini da al'ada suka koya mana. Bari mu ga yadda suke a aikace.

Na ɗaya, izini. Ba a fara komai sai an yi wa iyaye bayani sun fahimta sun yarda, kuma suna da ikon janyewa. Shi ma yaron ana duba yardarsa. Wanda kullum in ya hango ƙofar cibiya sai ya ƙanƙame uwarsa yana makyarkyata, ya yi magana ke nan, ko da ba shi da baki.

Na biyu, kada a cutar. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da hanyoyin lada da koyarwa. Tarihin sana'ar kansa yana da tabo a nan, kuma gwani ba ya ɓoye shi. Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles, wanda bincikensa na 1987 ya sa ilmin ya yi suna, ya yi amfani da tsawa da mari a cinya. Wata makaranta a jihar Massachusetts ta daɗe tana horon ɗalibai da jan lantarki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021, a 2022 kuma babbar ƙungiyar masu wannan ilmi ta fito ta ce ba ta yarda da shi ba ko a wane hali. Mu ma muna da namu tabon. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, a wata na gaba kuma aka sami irin haka a Daura. Duk da sunan gyaran hali aka kai su. Duka yakan tsai da hali na ɗan lokaci, shi ya sa mai duka ke ganin yana aiki. Amma bai koya wa yaro abin da zai yi a madadi ba, sai tsoro da ɓuya. Cibiyar da ake hana yaro abincinsa na yini, ko a kulle shi a ɗaki, ko a ɗaure shi, gidan mari ce ko da an yi mata fenti.

Na uku, a zaɓi abin da zai amfani yaro. Da yawa daga masu otizim da suka girma a ƙasashen Turawa sun fito sun koka cewa an ɓata shekarunsu ana tilasta musu daina kaɗa hannu, abin da ba ya cutar da kowa, domin kawai su yi kama da sauran yara. Kukan nasu abin saurare ne. Ga ma wani misali da ya shafe mu: littattafan koyarwa na can sukan sa kallon ƙwayar ido cikin darussan farko. A ƙasar Hausa kuwa yaron da ya tsura wa babba ido ana ce masa mara kunya, sunkuyar da kai shi ne ladabi. Malamin da ya kwafo darasi bai dubi gidan da yaro zai koma ba ya yi aikin baban giwa. Abin da ya kamata a sa gaba shi ne yaro ya iya faɗin bukatarsa, ya iya kewayawa da tsarki, ya ci abinci da kansa, ya san haɗarin titi da wuta da rijiya.

Na huɗu, sirri. Abin da malami ya gani a gidan mutane ba na hira ba ne. Ɗaukar hoton yaro yana kuka a sa a Facebook ko WhatsApp domin tallan cibiya cin amana ne. A garin da kowa ya san kowa, irin wannan hoto yana iya bin yaro har girmansa, har ma ya taɓa maganar auren 'yan'uwansa.

Na biyar, sanin iyaka. Malamin gyaran hali ba likita ba ne: ba ya rubuta magani, ba ya cewa a daina wanda likita ya rubuta, kuma ba ya alkawarin warkarwa. Masu talla sukan kafa hujja da binciken Lovaas, inda yara 9 cikin 19 da aka yi wa aikin awa 40 a mako suka shiga aji ɗaya da sauran yara. Ba su faɗin cewa masana sun soki yadda aka rarraba yaran a binciken, kuma binciken da suka biyo baya sun sami amfani wanda bai kai wannan ba. Yara da yawa suna ci gaba ƙwarai, waɗansu kaɗan-kaɗan, kuma mai gaskiya haka zai faɗa.

Na shida, kuɗi da zumunci. A rubuta kuɗin aiki tun farko. Kundin da muka ambata ya hana karɓar kyautar da ta wuce dala 10, ya kuma yi kashedi game da haɗa aiki da wata hulɗa, kamar rance ko kasuwanci ko neman aure a gidan. A wurinmu mai da kyauta abin kunya ne, saboda haka sai a yi bayani tun ranar farko, cikin ladabi. Hikimar a fili take: bakin da ya ci ba ya iya cewa, "Alhaji, ba ku bin tsarin da muka yi." Haka kuma in aiki ya ƙi ci gaba, ko bukata ta ƙare, wajibi ne malami ya faɗa, ya miƙa yaro ga wanda ya fi shi, maimakon ya riƙe shi domin kuɗin wata.

BATUN TAKARDAR SHAIDA

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A tsarin waccan hukuma akwai matakai. Ƙaramin ma'aikaci yana yin horon awa 40 da jarrabawa, amma ba ya tsara aiki da kansa, kuma lalle ne babba ya duba aƙalla kashi 5 cikin 100 na awannin aikinsa kowane wata. Babban kuwa sai mai digiri na biyu, wanda bisa ƙa'idar 2022 ya yi awa 2,000 na koyon aiki a ƙarƙashin gwani, ko 1,500 in duban ya fi tsanani. Tun daga farkon 2023 hukumar ta daina karɓar sababbin masu nema daga mazauna yawancin ƙasashe, har da Nijeriya, ko da yake akwai waɗansu hukumomi da ke ba da tasu shaidar. Ma'anar wannan ita ce mai satifiket ɗin awa 40 ɗan koyo ne, kuma hukumar da ke Amurka ba ta da ikon hukunta wanda bai taɓa riƙe takardarta ba. Tsaron yaranmu a hannunmu yake.

Saboda haka, ya kai uba, ya ke uwa, kafin ku bar yaro a ko'ina ku yi tambaya shida. A ina ka koyi aikin, wace hukuma ce ta ba ka shaida, kuma wa ke duba aikinka? Wane hali za ka fara da shi, don me? Mene ne dalilin halin a ganinka, da me ka gane? Me za ka koya masa a madadi? Yaushe za ka nuna mana ƙidaya? Za mu iya shigowa mu zauna mu kalla duk ranar da muka ga dama? Gwani murna yake yi da irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce iyaye ba su shiga, ku ɗauki ɗanku ku fita.

KIRA GA HUKUMA

Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba irin waɗannan yara hakkin ilmi ba tare da wariya ba. Hakki kuwa ba ya tabbata sai da malamin da ya iya. Iyalai nawa ne a garin nan za su iya biyan cibiya mai zaman kanta? Hanyar da za ta kai ga talaka ita ce a sa waɗannan dabaru a hannun malaman firamare da ma'aikatan jinya. Muna da Cibiyar Ilmi na Musamman a Yelwa, muna da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare, ga sassan ilmi na musamman a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano, duka ba su yi mana nisa ba. Muna roƙon Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya ta Jihar Bauchi su haɗa kai da waɗannan wurare a shirya horo cikin Hausa, a riƙa rajistar duk wata cibiya da ke karɓar irin waɗannan yara, ana kai mata ziyarar ba-zata, a kuma buɗe ƙofar da iyaye za su kai ƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun cibiyoyin ba su yi yawa ba ya kamata a kafa ƙa'ida.

Garin da ya ba Nijeriya Firayim Ministanta na farko daga ɗakin aji, domin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin Midil ta Bauchi ne kafin siyasa, bai kamata a bar shi a baya ba wajen horar da malaman yaran da suka fi kowa bukatar malami. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, ya sa masu riƙon amanarsu su riƙe ta da gaskiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.